Ka Je Ka Yi Wa Markus Ban Kwana

Ishaya ɗana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah da ya tsare ka tun kana goye a bayan uwarka, shi nake roƙo ya ci gaba da tsaronka a hanyar da za ka kama. Ya kiyaye ka daga hatsarin mota da mugun mutum da mugun aboki, ya kai ka lafiya, ya komo mana da kai lafiya.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya, kuna sa hannu a kwano ɗaya. Na gwada faɗa maka da baki, ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da na kira ka na buɗe baki, abin da ke fitowa shi ne, ka ɗaure akuyoyin nan? Shi ya sa na zauna na rubuta. Uwarka Hannatu za ta miƙa maka bayan an tashi sujada ranar Lahadi, tun da Litinin da safe za ka shiga mota a tashar Zuru ka tafi horon soja.

Maganar guda ɗaya ce. Na hana ka taka gidan Markus, na ce in ka je masa ban kwana to kada ka zo mini nawa. Ka bi maganata. Ina kallonka kana zagayawa ta bayan coci don kada ka wuce ƙofarsa. Mutumin kuwa yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma ni da kai mun san ba lallai ba ne ka tarar da shi ranar da za ka dawo hutu. Ina so ka san inda hanin nan ya fito kafin ka tafi. Markus bai taɓa yi mini laifi ba. Kishinsa nake yi tun kafin a haife ka, kuma har yanzu da nake riƙe da biron nan ban daina ba.

A golmo abin ya soma. Ku 'yan yanzu a baki kuka fi saninsa, amma a zamaninmu saurayi ba ya ganin mata a ɗakinsa sai ya yi wa surukinsa noma damina bakwai, shi da sa'o'insa. Yau gonar surukin wane, gobe ta surukin wane. Ni da Markus ƙungiyarmu ɗaya. Mukan jeru a bakin gona kowa da galmarsa, kowa da kuyyar da zai huɗa har ƙarshe, makaɗi na bayanmu, 'yan mata na can gefe da tulun kunu suna kallo kamar ba kallo suke yi ba. Al'adar kuwa ita ce, wanda ya riga kai ƙarshen kuyyarsa ba ya zama ya huta. Sai ya juyo ya kama ta na kusa da shi daga can ƙarshe, ya tarbe shi a tsakiya. Magabata sun sa haka ne don kada a bar kowa a baya, kuma abu ne mai kyau. Amma 'yan mata suna gani, sun san wa ya tarbi wa.

Markus ne kullum a gefena, kuma kullum shi ke riga ni. Ina cikin haki, zufa na shiga mini ido, sai in ɗaga kai in gan shi tafe yana huɗa yana murmushi da waɗannan haƙora nasa, yana cewa, "Sannu Tanko, ga ni nan tahe, kada ka damu." Kada in damu! Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi, don da na san abin da zan mayar masa.

Wata damina aiki ya zagayo gonar kakanka, uban Hannatu, na rantse a raina yau ba mai tarbata a gaban yarinyar da nake wahala dominta. Sai na yi ha'inci. Ban bar galma ta shiga ƙasa sosai ba, na riƙa kwasar ta sama-sama ina rufe ciyawa ina gaba. Na riga kowa fita. Makaɗi ya kira sunana, na ga uwarka ta rufe baki da gefen zane tana dariya, ranar ko tuwon dare ban iya ci ba don daɗi. Ba a jima ba aka yi ruwa mai ƙarfi, kuyyoyin kowa suna tsaye, tawa ta kwanta, ciyawa ta leƙo kai daga farko har ƙarshe. Kakanka ya aika aka kira ni. Ya sa ni gaba muka bi kuyyar nan, sai da muka kai ƙarshe ya ce, "Wagga kuyya, wa ya yi ta?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "To, ni dawa nike so in ci, ba tsere ba. Gobe ka zo ka yi aiki." Washegari na saɓi galma na tafi, sai na tarar Markus ya riga ni, ya sake huɗa kusan rabi, kuma har yau bai gaya wa kowa ba. Wannan ya fi maganar kakanka ƙona mini rai.

Saboda haka, Ishaya, duk aikin da aka sa ka, ka sa idonka a kansa. Ranar da ka soma aiki da ido ɗaya a kan na kusa da kai, ranar za ka soma ha'inci, ko da ba ka yi niyya ba. In kuma wani ya juyo ya tarbe ka, ka ce na gode ka karɓa, ba mutuwa za ka yi ba. In kai ne ka riga, ka juyo ka taimaka, amma don Allah ka rage murmushi, na baya yana jin zafinsa.

Kada ka ce ina zagin golmo. Lokacin da muka karɓi bangaskiya, akwai masu wa'azin da suka ce mu zubar da duk abin da muka gada, ni ban yarda da su ba har gobe. Golmo ne ya koya mini in tashi aiki ko jikina bai so, ya koya mini cika alkawari, ya koya mini in tsaya gaban babba in ji faɗa ban ɗaga murya ba. Abin da ya sa ake neman 'ya'yan ƙasar Zuru a aikin soja ke nan, ba tsawo muka fi kowa ba. Amma wurin da aka jera samari ana kaɗa wa na gaba ganga, dole wani ya koyi kallon gefe. Ni na koya, na kuma ƙware. Aka yi mini baftisma a rafi, na fito da sabon suna a bakin fasto da tsohon idona a kaina. Na daɗe ina cewa laifin al'ada ne, sai dai Markus ma golmon nan ya yi, kunun nan ya sha, kiɗan nan ya ji. Shi ya fito da halin juyowa ya taimaki na baya, ni na fito da halin tsere. Wurin da mutum ya tashi yana ba shi abubuwa da yawa, amma abin da ya zaɓa ya riƙe, shi da Allah ne za su yi maganarsa.

Na shiga coci da halina, na zauna da shi a bencin maza. Ka san sujadar godiya ta kaka, da kowa ke kawo abin da gona ta ba shi a ajiye gaban bagade. Wata shekara, kana ƙarami ba za ka tuna ba, damina ba ta yi mana kyau ba. Ni da uwarka muka shirya abin da za mu iya kaiwa, kuma daidai ƙarfinmu ne. Na isa ƙofar coci da damin dawata a ka, sai na ga Markus da matarsa Saratu suna sauke nasu, ya fi nawa. Ban shiga ba. Na juya gida da kayan sujada a jikina, na hau rumbu na ƙaro, na dawo ina nishi, na tabbatar na sauke a lokacin da mutane suka cika. Dattawa suka ce Tanko ya yi ƙoƙari bana. Markus da kansa ya kama hannuna ya ce, "Allah shi ƙara maka, abokina," kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, abin haushin ke nan. Mutumin nan ko gasa bai iya ba, ya bar ni ina gasa ni kaɗai.

Kafin sabuwar dawa ta nuna rumbunmu ya ƙare. Uwarka ta riƙa dama muku kunu tsararo, ita ta kwana haka ta ce ba ta jin yunwa. Rannan tana kankare ƙasan tukunya, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Baban Ishaya, dawar nan da ka ƙara, Allah ka kai ma ko Markus?" Na yi mata tsawa na fita. Ita ce ta yi gaskiya, kuma ban taɓa gaya mata ba sai dai in ta karanta a nan.

Ka kiyaye wannan, ɗana, don ya fi na gona haɗari. Mai ha'inci a gona ruwa zai tona shi, amma mai kishi a coci yabo yake samu. Za a ce mai bayarwa ne, mai himma ne, ba ya fashin addu'ar safe, alhali shi ya san wa yake kallo. Kafin ka yi abin kirki, ka tambayi kanka ko za ka yi shi in babu wanda zai gani, in kuma wanda kake kishi ba ya wurin. In amsar a'a ce, ka dakata ka yi addu'a tukuna. Kuma kada ka taɓa ɗaukar abincin bakin iyalinka ka sayi suna da shi.

Yanzu na zo kan wanda ya fi mini ciwo, wato kai. A wurinmu uba ba ya yabon ɗansa. Haka ubana ya yi da ni, haka nasa ya yi da shi. Cewa ake yabo yana lalatar da yaro, in ya yi daidai ka yi shiru, in ya kuskure ka gyara. Ina tuna yadda nake dariyar Oga Chidi mai shagon kayan babur a cikin garin Zuru, ranar da na ga ya rungume ɗansa a gaban masu ciniki don yaron ya ci jarrabawa, yana ta nuna shi ga kowa. Na dawo gida ina ba da labari, ina cewa mutanen nan ba su san ta ido ba. Ga shi yaron bai lalace ba, shi ke riƙe da shagon yanzu. Ni kuwa na koya maka riƙon galma da tsawa. Ka huɗa kuyya goma daidai in yi shiru, ka karkace a ɗaya in tara maka jama'a.

Markus 'ya'ya mata Allah ya ba shi. Ina jin shi ya sa idonsa ya faɗa kanka, ko kuwa halinsa ne kawai na shiga abin da ba a kira shi ba. Shi ya kai wa maƙeri aka ƙera maka 'yar galma daidai hannunka. Shi ke tsayawa a bakin gonata ya ce, "Kai, wanga yaro ya iya aiki! Tanko, ka ga hannunshi kuwa?" Sai in ga fuskarka ta washe, ni kuma in ce ya bar ɓata mini yaro. Wata rana da la'asar na biyo ta ƙofar gidansa, na ji dariyarka daga ciki. Na tsaya cik. Irin dariyar nan ta ƙyaƙyatawa har da shaƙewa, ban taɓa jin ka yi ta a gidana ba, ban ma san kana da ita ba. Na ji kana cewa Baba Markus kaza, Baba Markus kaza. Ban yi sallama ba na wuce. Da ka dawo na same ka da faɗa a kan igiyar akuya da ba ta ɓace ba, har na tambaye ka ko shi ya haife ka. Ka tuna ranar, na sani, don tun daga nan in na shigo gida kake yin shiru.

To bari in faɗa a takarda tun da baki ya ƙi. Kuyyoyin nan goma na gan su, ɗaya bayan ɗaya. Ka fi ni iya huɗa tun kana ɗan shekara goma sha, ba ka taɓa ɗaukar abin wani ba, ba ka taɓa ɗaga wa uwarka murya ba. Ina alfahari da kai. Ni ya kamata in riga Markus faɗa, na bari ya riga ni, sannan na zauna ina jin haushinsa. In Allah ya ba ka ɗa, ka yabe shi da bakinka yana ji. Abin da muka gada mai kyau ka riƙe, wannan shirun kuwa ka bar shi a wurina, kada ka kai shi gidanka.

Bariki ma wani golmo ne, ka sani. Za a jera ku, za a duba wa ya riga wa, kuma can a kafaɗa ake ɗaura abin kowa ya gani. Wanda kuka shiga tare, wanda kai ka koya masa ɗaurin takalmi, zai samu igiya kafin kai. Zuciyarka za ta yi zafi, don jinina ne a jikinka. Shawarata, ka je ka yi masa barka a ranar, kada ka bari ta kwana. Kishin da ya kwana ɗaya yana neman na biyu, ni nawa ya kwana har na yi furfura. Ka kuma faɗa wa Yesu abin da sunansa. Na yi shekaru ina durƙusawa ina roƙon gafarar fushi da saurin baki, ban taɓa cewa Ubangiji, kishin Markus nake yi ba, don ina ganin ƙaramin abu ne da bai dace da namiji ba.

Ka san abin da ya jawo hanin. Ranar da sunanka ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, gidansa ka fara biyawa. Ban ga laifinka ba yanzu, gidansa ne a kan hanya, kuma mutum yakan kai albishir inda ya san za a yi masa murna da baki. Amma ni a ƙofar coci na ji, daga bakin Saratu, a gaban mutane. Ta ce, "Baban Ishaya, barkanmu! Ɗanmu ya samu." Ɗanmu. Na yi yaƙe na ce barka dai, kamar na sani. Na iso gida na kafa maka dokar nan, uwarka na kuka, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce to, Baba. Wannan to ɗin naka ya fi gardama yi mini nauyi.

Akwai wanda ba ka sani ba, kuma na cikin makon nan ne. Saratu ta zo gidan nan. Ta tarar da ni a ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Maigidana yana ta kiran yaron ga. Bakinshi ba ya hita sosai, amma sunan muna ji. Ko da tsayuwa ce ya zo ya gan shi." Na dube ta na ce ai ka riga ka tafi, an kira ku da gaggawa. A lokacin kana bayan gida kana gyara mini jinkar rumbu, ina jin motsinka. Ta ce, "Ashe? To, Allah shi kiyaye hanya," ta tashi ta tafi tana share ido da bakin mayafi. Yanzu haka Markus yana kwance yana ganin yaron da ya riƙa kamar nasa ya bar gari bai ko leƙo shi ba. Ni na yi masa wannan, mutumin da ko ƙuda da ƙyar yake korewa daga fuskarsa. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi, kuma ban san da wane hannu zan karɓi jibin Ubangiji a coci ba.

Saboda haka na janye maganata. Da ka gama karanta takardar nan, kada ka tsaya cin abinci, kada ka tsaya canza riga, ka bi ta ƙofar gaba kowa na gani ka tafi gidansa. Ka fara gaya masa cewa babanka ƙarya ya yi. Da wannan kalmar za ka faɗa, kada ka gyara mini ita ka ce mantuwa ko rashin fahimta. Ka gaya wa Saratu ma. Sannan ka durƙusa ta gefensa na dama, hannun da ke motsi, ka ɗora shi a kanka. Duk albarkar da ya sa maka ka karɓe ta duka, kada ka rage komai don kana tuna ni. In ya riƙe ka har rana ta faɗi, ka zauna.

Ba zan bi ka ba. Ƙafata ba ta kai can ba tukuna, kuma ba zan ƙara wata ƙarya in ce maka na warke ba. Ina nan zaune a ƙofar gida, kuma duk daɗewar da za ka yi a wurinsa zan ji ta a ƙirjina. Ka bar ni in ji, kada ka gaggauta saboda ni. In kun gama, ka dawo gida, ni ma ina da tawa albarkar da zan sa maka, ko da ba ta kai tasa daɗin ji ba.

Ubangiji ya tafi gabanka, ya tsaya bayanka. Ya tsare ka daga harsashi da zazzaɓi da mugun umarni, ya ba ka shugabanni masu tsoron Allah da abokai masu gaskiya. Ya tsare zuciyarka daga abin da ya ci tawa. Ya riƙe uwarka da ƙannenka har ka dawo ka same mu lafiya. Ya kuma tashi kafaɗun Markus, ya ba shi kwana har ya gan ka cikin kaki. Wannan na ƙarshe da ƙyar hannuna ya rubuta shi, amma na rubuta, kuma na ce amin.

Ni ne babanka, wanda ya haife ka,
Tanko